Ranar da Aka Bar wa Sarki Tsaron Gida

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa, mai son kafa doka kamar yadda wasu ke son zuma. Wata rana wasu yara biyu da aka bari a gida suka ƙone rumbun ubansu garin gasa gyaɗa. Tun toka ba ta huce ba sarki ya sa aka yi shela: duk wanda ya bar yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba shi kaɗai a gida, za a hana shi kasuwa shekara guda.

Bayan kwana uku dogarai suka kawo Tasalla mai fura. Mijinta ya rasu, kullum sai ta bar wa 'yarta Indo, 'yar shekara tara, tsaron gida. In an hana ta kasuwa, an hana su tuwo ke nan. Wadda ta rako ta fada ita ce Goggo Marka, tsohuwar ungozoma, wadda rabin mutanen birnin a hannunta suka yi kukan farko, har da shi sarkin.

Goggo Marka ta durƙusa ta ce, "Ya sarki, shekara nawa tukunya ke yi kafin a ɗora ta a wuta?"

Sarki ya ce, "Wa ke ƙirga wa tukunya shekaru? Ƙwanƙwasa ta ake yi a ji sautinta."

"To, Allah ya ba ka nasara, me ya sa ka ƙirga wa Indo, ba ka ƙwanƙwasa ta ba?"

"Yaya ake ƙwanƙwasa yaro?"

"Da abu uku. Ya san abin da zai yi da wuta, ya san wanda zai buɗe wa ƙofa, ya kuma san wanda zai kira in abu ya fi ƙarfinsa. Kai, ya sarki, an taɓa barin ka kai kaɗai a gida?"

Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Sarki ya ce, "Ni da ke riƙe da garuruwa saba'in? A ba ni gidan gobe, daga hantsi zuwa azahar. In na riƙe shi, hukunci na nan. In na kasa, na yafe."

Washegari ya sa riga irin ta talakawa, aka kai shi gidan Tasalla. Aka nuna masa wake a wuta, gero a shanya, akuya a turke. Goggo Marka ta ce, "Indo na gidan maƙwabta. In ka rasa yadda za ka yi, ka ɗaga murya." Sarki ya ce ba za a ji muryarsa ba.

Ba a jima ba wake ya taso yana zuba. Sarki ya tafa hannu sau biyu, bai ga kowa ba. Ya nuna tukunya da yatsa ya ce, "Ya isa haka!" Tukunya ba ta san sarauta ba. Da wuta ta fara mutuwa saboda ruwan da ke zuba, sai ya tura mata itacen mako guda gaba ɗaya. Kaji kuwa sun sauka kan gero. Ya bi su da gudu, rawani ya warware, zakara ya taka bakin rawanin ya bar masa shaida.

Ana cikin haka wani mutum ya yi sallama, ya ce, "Maigida, Allah ya ja zamaninka, akuyar nan ta ba ni sha'awa."

Sarki, wanda tun da aka naɗa shi ba a taɓa yabon abu a gabansa ya hana ba, ya ce, "An ba ka!" Har ya taya shi kwance igiya.

Sai hayaƙi ya turnuƙe gidan. Indo ta haura katanga ba a kira ta ba. Ta janye itace, ta watsa ƙasa, ta sauke tukunya da tsumma, ta kori kaji da tsawa ɗaya. Sannan ta dubi turke, ta dubi mutumin da ke tari, fuskarsa baƙi ƙirin, ba ta gane shi ba.

Ta ce, "Baba, ina akuyarmu?"

"Na yi kyauta da ita."

"Taka ce? Wa ya aiko shi? Ka san sunansa?"

Sarki ya girgiza kai.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni Indo! Don Allah, Baba, wa ya bar ka kai kaɗai a gida?"

Daga zaure aka fashe da dariya. Goggo Marka ce ta shigo, da Tasalla, da waziri, da mutumin nan janye da akuya, ashe ɗan ƙanen Goggo ne, ita ta turo shi. Goggo ta ce, "Ya sarki, wuta ta ka da kai, ƙofa ta ka da kai, amma na ukun ya fi ba ni tsoro. Katanga ɗaya ce tsakaninka da taimako, ka ƙi kira."

Sarki ya yi dariya har hawaye suka yi hanya a cikin baƙin fuskarsa. Ya mayar wa Tasalla kasuwarta, ya aiko da itace da gero, ya sa aka sake shela: kowane mahaifi ya gwada ɗansa da abu ukun nan kafin ya bar shi, kuma kada ya fita sai maƙwabci ya san ya fita.

Indo ta ɗebo masa ruwan wanke fuska. Yana wankewa ya ce wa waziri, "Rubuta: kada mai mulki ya ɗora wa talaka dokar da bai zauna cikin hayaƙinta ba, ko da na hantsi ɗaya ne."