Kaskon Ranau

A zamanin da, tun ganuwar birnin nan ba ta wuce ƙirjin mutum ba, duk abin da ke yamma da ita daji ne. Kuka ce da gawo da ƙaya, sai wani ƙaton dutse baƙi da ɓauna ke hutawa a gindinsa. A nan wani maharbi ya kafa bukka, sunansa Ranau. Sunan sarkin lokacin ya kuɓuce mini, da na san shi, amma na maharbin bai ɓace wa kowa ba. Ana yi masa kirari da Ranau mai ganin sawu a kan dutse, gagara-daji na Hakama.

Hakama ita ce matarsa. An hana su zama cikin birni saboda warin fatun da yake shanyawa. Da majema suka ji akwai fata a wajensa, sai suka biyo shi da iyalansu, shugabansu wani dattijo mai kaifin baki, Baba Cindo. Bukkoki suka yawaita, aka haƙa 'yar rijiya a kwari.

Kusa da bukkar Ranau akwai tsohuwar kuka, kogonta cike da ƙudan zuma. Bai taɓa sa musu hayaƙi ba, bai taɓa ɗiban saƙarsu ba. In rani ya yi, sai ya zuba ruwa a kasko, ya jefa 'yan tsakuwa don su sami wurin sauka kada su nutse, ya ajiye musu a gindin kukar.

Sai aka yi wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kafin tsakiyar rani rijiyar kwari ta koma laka, mutanen birni kuma suka hana na waje rijiyoyinsu. Da ludayi ake rabon ruwa. Hakama tana da tsohon ciki, don haka Ranau yakan ƙara mata da rabin nasa, ya juye sauran a kasko, shi ya tsotsi saiwar itace.

"Kai Ranau," in ji Baba Cindo, "surukanka ne ƙudajen nan? Mutane na lasar laka, kai kana yi wa ƙwari liyafa!"

"Baba, sun riga mu zama a nan. Mu ne baƙi."

Da abin ya tsananta, dattawa suka yanke a tashi a koma bakin babban kogi, tafiyar kwanaki cikin busasshen daji. Hakama ta ji, ta kira mijinta.

"Maigida, dubi ƙafafun nan da kyau. Ko bayan dutsen can ba za su kai ni ba. Zaɓi kawai, a nan za ka binne mu ni da abin da ke cikina, ko a hanya."

Ranau ya san gaskiya ta faɗa.

Ranar tashi, da hantsi, ana ɗaure kaya a kan jakuna, ya je gindin kuka. Ya tarar da kaskon yadda ya bar shi jiya, ko ƙuda ɗaya bai sauka ba. Baba Cindo ya leƙo ya yi dariya mai ɗaci.

"To, har surukan naka sun yi ƙaura. Me kake jira?"

Ranau ya kara kunne a jikin kukar. Kogon yana ta ruri kamar ana kaɗa ganga a cikin ƙasa. Suna nan, kuma ba ƙishirwa suke ji ba. Ya san babu mai rai da zai bar ruwa a irin wannan zafi sai in ya samo wanda ya fi shi.

"Baba, a dakata da jakunan nan."

Ya ɗebo farar toka daga murhu, ya hau kukar, ya barbaɗa wa masu fitowa. Fararen ƙudajen suka miƙe suka nufi baƙin dutse. Kafin ya sauko har sun fara dawowa. Ashe wurin ba nisa.

Tsofaffi sun ce a lokacin ne zuman suka fito gaba ɗaya, suka jeru a sama kamar igiyar hayaƙi daga kuka har dutse, inuwarsu ta shata hanya a ƙasa. Wasu sun ce toka ce kawai da idon maharbi. Allah ne masani. Ranau dai ya bi su, jama'a na biye. Suka tsaya a wata tsaga a gindin dutsen, wadda ko tafin hannu ba zai shiga ba. Ya kwanta ya kai fuskarsa, sai ya ji sanyi yana busowa.

Majema suka kawo taɓare da sanduna, suka yi ta ɓamɓara har wani falalen dutse ya kife. Ga ruwa a ƙasa, baƙi ƙirin don zurfi, sararin sama yana rawa a cikinsa. Baba Cindo ya durƙusa. Sa'an nan ya ɗebo da ƙwarya ya miƙa wa Hakama.

"Sha, 'yata. Sauran a kai wa masu gida, a zuba musu a kasko."

Aka kwance jakuna. Hakama ta haihu lafiya kafin damina, mace ce, ko kuwa namiji, a nan ma masu ba da labari sun saɓa.

Bayan majema sai masaƙa suka zo, sai fatake masu neman masauki kusa da ruwa. Wani sarki daga baya ya faɗaɗa ganuwa ta haɗiye wurin, waɗanda aka kora don wari suka zama 'yan birni. Yau ana kiran wurin Unguwar Kasko, gidajen bulo ne da kwano, kwalta ta ratsa ta, kukar ta faɗi tun ina yaro. Rijiyar gindin dutsen tana nan a bayan masallaci, kuma ranar da famfo ya ƙafe, can ake komawa. In ka bi lungunan a watan zafi, ɗaga kanka. A kan kowace katanga za ka ga kasko da ruwa da 'yan tsakuwa, zuma suna sauka suna sha, babu mai korarsu.