Ƙwayoyin da Gwaggo Yelwa ta zuba a masai

Akwai wata mata a cikin garin Daura, can wajen Kusugu, ana ce mata Gwaggo Yelwa. Irin matan nan ne da ba ka isa ka gama ba su labari ba, su ne za su ƙarasa maka. Ko ciwon kai ka ce kana yi, sai ta ɗaga haɓa, ta turo ɗankwali gaba, ta ce ta san wannan ciwon tun ba a haife ka ba.

Tana da 'yar ƙane mai suna Murjanatu, da ke aure a Mai'adua. Murjanatu ta daɗe tana jinya. Ta rame, ta yi baƙi ƙirin, ko tsintsiya ta ɗauka sai jiri. Da aka yi gwaji, likita ya ce mata a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan abu da ke fitar da sinadari mai suna kotizol, shi ke riƙe jiki idan zazzaɓi ko firgici ko wahala ta taso. Nata ya daina aiki. Aka ɗora ta a kan ƙwayar haidirokotizon don ta maye gurbinsa. Aka ce kullum ce, ba fashi, ranar zazzaɓi ma ƙarawa ake yi.

Magani ya karɓe ta. Kumatu suka dawo, baƙin ya washe.

Sai aka yi haihuwa gidan Gwaggo, Murjanatu ta zo taya aikin suna. Tun daga zaure Gwaggo ke auna ta da ido, sama da ƙasa. Da safe ta kama ta tana haɗiyar ƙwaya.

"Murja, ni za ki rufe? Ga ƙiba, ga fari. Sha-ka-fashe ne wannan, irin wanda 'yan mata ke sha su kumbura kamar fanke."

Murjanatu ta durƙusa ta soma bayanin ƙoda. Gwaggo ta ce ƙodar kowa a danginsu lafiya lau take, ita a ina ta samo tata? Ta warce kwalbar, ta wuce bayan gida, ta zazzage ta a masai. Ta fito tana karkaɗe hannu, ta zauna cikin mata masu tuƙa tuwo tana ba su labarin yadda ta ceci 'yar ƙanenta daga lalacewa.

Nan fa ni haushina ya rabu biyu. Murjanatu ba ta kira mijinta Mansur ba, wai kada a ce ta haɗa shi faɗa da gwaggonta. Ta aika kyamis a sayo wani, mai shagon ya ce na shafawa kawai gare shi. Sai ta ce bari dai a gama suna ta koma gida. Kunya fa, jama'a, a kan maganin da ke riƙe da ranta.

Ranar suna zazzaɓi ya rufe ta. Ta yi ta amai, har ta zube kusa da murhu. Gwaggo ta ce a ƙyale ta, dafin ƙwayar ne ke fita, a jiƙa mata tsamiya. Allah ya taimaka wata maƙwabciya, Hajo, ba ta saurare ta ba. Ta tare mai Keke Napep, ta kira Mansur a waya, aka nufi asibiti. Mata suka biyo baya da gyalensu a hannu. Mansur ya same su a can.

Likita ya auna ya ga jini ya yi ƙasa sosai, ya tambaya ko akwai maganin da take sha. Kafin Mansur ya buɗe baki, Gwaggo ta matso gaba.

"Likita, kwantar da hankalinka. Wannan ƙwayar ni da hannuna na zubar da ita."

Mansur ya faɗi sunan maganin. Likita bai ko kalli Gwaggo ba sai da ya yi wa Murjanatu allura, aka ɗaura ƙarin ruwa. Sannan ya juyo, a gaban duk matan nan.

"Hajiya, abin da kika zubar shi ne yanzu muke ɗura mata a jijiya. Da an ƙara jinkiri, taron sunanku zaman makoki zai koma."

Murjanatu ta farfaɗo. Ranar sallama Gwaggo ta iso da kular farfesu, tana cewa ta gyara ɗaki, a wuce gida ta ƙara jin ƙarfi. Mansur ya riga ya ɗauko jakar matarsa. Murjanatu ta gaishe ta cikin ladabi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, na yafe miki. Amma ba zan ƙara kwana gidanki ba."

Ta shiga mota suka kama hanyar Mai'adua, Gwaggo tana tsaye bakin asibiti rungume da kula.

Darasi: Girman shekaru ba ya sa ka san abin da ke cikin kwalbar wani. Idan ba ka gane magani ba, ka tambaya, kada ka yanke hukunci. Kai kuma mai sha, kada kunyar kowa ta sa ka yi shiru a raba ka da shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman dandalin dangin da kuka san akwai Gwaggo Yelwa a ciki.