Gidan Da Mantau Ya Ɓoye

A zamanin da, an yi wani birni a bakin hanyar fatake, wanda baƙinsa suka fi 'yan gari yawa. Duk wanda ya gaji fili a cikin ganuwa sai ya yanka shi ɗaki-ɗaki, ya zuba 'yan haya, ya koma inuwa ya miƙe ƙafa. Wata damina aka yi kwana uku ana ruwa ba ɗaukewa, gidaje saba'in suka zube. Sarki ya tara masu gidaje, suka ce 'yan haya ne ba sa yaɓe. Ya tara 'yan haya, suka ce ba a taɓa jin inda mutum ya yaɓe bangon wani ba. Aka wuni ana nuna juna da yatsa har kan Sarki ya ɗau zafi. Sai ya sa aka yi shela cewa kafin ruwan baɗi Waziri zai bi gari gida-gida. Duk gidan da ya tarar a lalace za a rushe shi, wanda kuma aka samu lalacewar daga hannunsa take, zai biya tara, ya sha bulala a bakin kasuwa.

To, a unguwar marina akwai wani magini mai suna Mantau. Rabin sorayen attajiran birnin shi ya ɗora azararsu, amma shi kansa bai mallaki ko filin da akuya za ta kwanta ba, domin baƙo ne. Yana zaune da mahaifiyarsa, Tabawa, wadda idanunta suka rufe tun da daɗewa. Da yake ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "Magini".

Mantau yana da wata cuta da ba ta jin magani: ba ya iya kwana a ƙarƙashin rufi mai yoyo. Idan ya kama kango haya, kafin wata uku ya toshe, ya yaɓe, ya daɓe, gida ya fito fes. Daga nan sai mai gida ya biyo ta wajen, ya tsaya, ya kama haɓa, ya tuna ashe yana da ƙane da zai dawo daga tafiya. Ranar da Mantau ya fita, ranar wani falke zai shiga a kan haya ninki uku. Sau shida ana yi masa haka! Kuma kowace ƙaura Tabawa ce ke shan wahalarta, don ita da hannu take sanin gida. Sai ta yi wata biyu tana karo da bango tana tuntuɓe da dokin ƙofa, ta gama haddace hanyar madafa ke nan a ce a tashi. A ƙaura ta shida randarta ta aure ta fashe a hanya. Mantau ya sayo sabuwa, ya ɗauko fartanya zai haƙa mata gurbi a gindin bango kamar yadda ake yi, don ruwa ya riƙa sanyi.

Ta ce, "Bar ta a sama, Magini. Randar da za a tone gobe, me ya kai ta rami?"

Maganar ta soke shi ƙwarai. Saboda haka da ya kama gida na bakwai a hannun wani attajiri, Madugu Arzika, sai ya sake dabara. Ciki ya sa sabuwar azara, ya yi daɓen da mutum zai ci tuwo a kansa. Waje kuwa ya zauna ya ɓata shi da gwaninta. Ya zana tsaga a jikin bango, ya karkata indararo, ya shuka ciyawa a cikin sakaina ya jera bisa rufi. Madugu in ya zo wucewa har sauri yake ƙarawa, kada bango ya faɗo masa. Haka suka samu shekara uku cur ba wanda ya tuna da ƙanensa.

Da shelar Sarki ta iso, Mantau ya dafe kai ya ce, "Inna, kin ji wata sabuwa! In na gyara waje, Madugu ya kore mu. In na bar shi, Sarki ya rushe. Wannan wane irin gari ne, da mutum ba shi da ikon ya zauna a gida mai kyau, ba shi kuma da ikon ya zauna a mummuna?"

Ta ce, "Ni dai na san taku tara ne daga shimfiɗata zuwa randa. Ba ni da sauran ƙarfin koyon wani lissafin."

Yana nan yana ta saƙa da warwara, bai yanke komai ba, har ranar da Waziri ya iso da dogarai da hantsi. Waziri dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma gidajen da ya gani a makon nan sun riga sun ishe shi. Ya dubi bango, ya zura sandarsa a cikin tsaga, sanda ta tsaya nan kusa. Ya matsa ya gwada wata, haka. Ya sa dogari ya hau ya tuge ciyawar rufi, sai ga dogari ya sauko da ita a cikin sakaina, har da danshin ban-ruwan safe.

Waziri ya ce, "Kai ne mai zama a nan? A garinku ban-ruwa ake yi wa ciyawar soro?"

Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa. Waziri ya bar dogarai a waje, ya shiga zaure shi kaɗai. Ya ɗaga kai ya dubi azara, ya cire takalmi ya taka daɓe, ya gaida tsohuwa. Ita ce ta kwashe labarin ƙaura shida ta faɗa masa, tana yi tana haɗawa da sunayen masu gidajen. Ya saurara har ta gama, ya dubi randar da ke tsaye a kan duwatsu uku. Da ya fito sai ya ce wa dogari, "Sa wa gidan nan alamar rushewa. A kira mai shi fada gobe." Ya juyo ga Mantau ya ce, "Kai kuma gobe kada in ji bakinka sai an tambaye ka."

Takaici ya kama Mantau kamar ya fashe. Mutum ya shiga, ya gani da idonsa, ya taka da ƙafarsa, sannan ya fito ya ce a rushe! Ya koma ciki ya tarar Tabawa ta fara laluben tsummokaranta tana ƙullewa. Wannan ne ya sa shi hawaye.

Kashegari fada ta cika. Waziri ya gurfana ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga mai gida, ga ɗan haya. Saura a san hannun wa ya mai da gidan yadda yake."

Madugu Arzika ya ji ƙamshin bulala, ya yi wuf ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki! Ni shekara uku rabona da zauren gidan nan. Ko ƙwaryar ƙasa ban kai ba, ko tsinke ban taɓa ba. Duk halin da gidan yake ciki, aikin mutumin nan ne."

Waziri ya ce, "Yi a hankali, Madugu. Rufin fa?"

"Aikinsa ne."

"Bango da daɓe?"

"Ranka ya daɗe, tun daga tushe har zanko! Abin da na sani kawai ƙasar da gidan ke kai. Duk abin da aka tarar a bisanta, a ɗora masa, ba ruwana."

Waziri ya sa malamin fada ya rubuta, ya sa Madugu ya maimaita a gaban shaidu. Sa'an nan ya roƙi Sarki ya taka da kansa ya ga kangon kafin a rushe. Sarki bai so ba, amma ya tashi, jama'a suka ɗunguma a baya.

Da Sarki ya shiga zaure sai ya yi tsaye. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Waziri, ɗakin da nake kwana yana yoyo ta kusurwa biyu. Wannan ne kangon?" Madugu ya kutso kai ya leƙa, idanunsa suka yi waje. Nan take ya shiga lissafin abin da falke zai biya, har bakinsa ya suɓuce ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dama ina da wani ƙane da zai dawo daga..."

Sarki ya daka masa tsawa. Ya juya ga Mantau ya ce ya yi bayani. Mantau ya faɗi komai, tun daga gida na fari har zuwa ciyawar sakaina. Ya ƙare da cewa, "Ni magini ne, ranka ya daɗe. Shekara uku ina wucewa ta ƙofar gidana ina sunkuyar da kai, yara na cewa ga gidan magini can zai faɗi. Ba don tsohuwar nan ba, wallahi da ban yarda na ɓata bango da hannuna ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga abin da ya rushe gidaje saba'in. Ba ruwan sama ba ne. A garin nan duk wanda ya gyara gida korarsa ake yi, shi ya sa kowa ya naɗe hannu. Wannan ne kaɗai ya kasa naɗewa, sai ya koma gyara a ɓoye kamar ɓarawo."

Sa'an nan Sarki ya yanke hukunci. Ya ce ƙasa ta Madugu ce, haya kuma haƙƙinsa ce, a ci gaba da ba shi yadda aka yi ciniki tun farko, ba ƙarin ko wuri ɗaya, tun da da bakinsa Madugu ya ce abin da ke bisa ƙasar ba aikinsa ba ne. Ya ce daga yau duk ɗan hayar da ya yaɓe gida ya tsare rufinsa, ba mai tashinsa muddin yana biya, kuma ba a ƙara masa haya saboda gumin kansa. Mai gidan da ke son ƙari, ya kawo ƙasa da magina ya yi gyaran da kuɗinsa. Ya dubi Mantau ya ce, "Kai kuma da ka yi wa gari ƙarya da bango, na ba ka kwana bakwai ka mai da wajen gidan nan kamar cikinsa. In ka gama, ka zo ka duba mini kusurwa biyun nan."

Kafin mako ya zagayo, duk unguwar da ka shiga sai ka ji ana kwaɓa ƙasa. Madugu Arzika ya daina bi ta unguwar marina sam, ƙanen nasa ma har yau ba a ga isowarsa ba.

Rana ta bakwai Mantau ya sauko daga tsani da la'asar, jikinsa duk laka. Ya kama hannun mahaifiyarsa ya fito da ita, ya ɗora tafinta a kan sabon yaɓe. Ta shafa daga bakin ƙofa har kusurwa tana neman tsaga, ba ta samu ba. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ta juya ta koma ciki ita kaɗai ba jagora, ta kwance ƙullin tsummokaranta. Can sai ya ji ta ɗaga murya daga tsakar gida.

"Magini! Ina fartanyar nan? Zo ka haƙa wa randar nan rami. Ka zurfafa shi."