Jakar Cefanen Malam Barau

Akwai wani dattijo a Talata Mafara da ake kira Malam Barau. Asalinsa manomi ne daga wani ƙauye a gefen Maradun. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda rashin tsaro, sai ya bar gonarsa da rumbunsa ya dawo gidan ɗansa Tukur. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya tun kafin nan.

Mutumin da ya saba ciyar da gida da guminsa ba ya iya zaman kashe wando. Sai ya ɗorawa kansa aiki ɗaya, wato cefane. Kullum da hantsi zai kafa hularsa, ya rataya wata tsohuwar jaka, ya nufi shagon Maiwada mai kayan miya a bakin kasuwa.

Shagon ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Amma akwai daddawar kalwa daga Damri, da kuka koriya shar, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu, da tattasai da albasar fadamar Bakura. Malam Barau zai zauna a benci, ya shinshina daddawa ya kushe ta, Maiwada ya rantse babu irinta a ƙasar nan. Su yi ta ciniki kamar za a sayi saniya, alhali kayan miyar yini ɗaya ne.

In ya dawo gida, surukarsa Lailatu za ta durƙusa ta karɓi jakar ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Allah shi ƙara buɗi."

Shi kuma ya ce, "Amin, ɗiyata." Daga nan sai ya ji yini ya yi masa daɗi.

Wata rana wani abokin aikin Tukur ya kai shi wani katafaren shagon sari a Gusau, irin wanda sai ka yanki kati kafin ka shiga, kana tura keken kaya kana lodi. Tukur ya ga arha ido da ido. Ya ciko bayan motar abokin da buhun shinkafa, jarkar mai, katan na taliya da na tumatirin gwangwani, dunƙulen ɗanɗano, har da garin kuka a manyan ledoji.

Kar ku zargi Tukur tukuna. Sarin ya yi sauƙi, wannan gaskiya ce, kuma yaron yana ƙaunar mahaifinsa har cikin ransa. Ganin tsoho yana taka rana da jaka ne yake damunsa.

Ya tsuguna gaban uban yana murna ya ce, "Baba, daga yau ka huta. Komi na sawo, ba sauran yawon kasuwa cikin rana."

Malam Barau ya dubi kayan da aka jibge, ya dubi ɗansa, ya ce, "To. Allah shi yi maka albarka." Ya tashi ya rataye jakarsa a ƙusa cikin zaure.

Tun daga ranar tsoho ya fara canzawa. Hantsi zai yi, ya kafa hula, ya tuna babu inda za shi, ya cire ta. Tuwon da yake cinyewa tas ya koma sai ya ɗan taɓa ya ture. Aka kai shi asibiti, likita ya ce bai ga wata cuta ba. Tukur ya ƙaro madara da lemo, don shi a ganinsa maganin rashin ci shi ne ƙarin abinci.

Sai kuma wani abu ya tayar masa da hankali. Tsohon ya jawo fartanyarsa daga ƙarƙashin gado yana gyara mata ƙota, kuma duk wanda ya zo daga Maradun sai ya tambaye shi ko hanya ta lafa. Tukur ya san hanyar ba ta lafa ba. Ya roƙe shi kada ya koma ƙauye, uban ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

Ana haka, wata rana bayan la'asar Maiwada ya rufe shagonsa ya zo gaida abokinsa. Tukur ya dawo daga aiki ke nan, yana jingine babur a bakin zaure, sai ya jiyo su suna ta gaisuwa, ana tambayar iyali da kasuwa da gajiya.

Maiwada ya ce, "Malam, ni na ɗauka ƙauye ka koma ba sallama. Ko daddawata ce ta yi maka laifi?"

"Daddawarka ai kullum cikin laifi take," in ji Malam Barau. Ya yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba. "Yaron ga ne ya hutar da ni."

"To ai gata ne."

"Gata ne, kuma ban ga laifinai ba. Amma ka ji, Maiwada. Can gida, abin da anka ci, ni ka noma shi. Da anka raba ni da gona, na ce ko ba komi ni ka ɗauko shi da hannuna in kawo. Yanzu ba ni nomawa, ba ni kawowa, sai dai a aje mani kwano kamar baƙo. Ruwa na sauka, ƙauye za ni. Abin da Allah ya ƙaddara bakin gonata, shi same ni ina da amfani."

Tukur ya ji komi daga bakin zaure. Tausayin mahaifinsa ya kama shi, ga kunya. Ya zagaya ta ƙofar baya ya sami Lailatu a madafi ya gaya mata abin da ya ji.

Ta ce, "Na lura tuntuni, na ga kana murna ne na kasa magana. Kuma tunda an zo nan, bari in gaya maka, miyar gidan nan ma ba ta yin daɗi. Kukar ledar nan ta dushe tun ba a ci rabinta ba, daddawa kuwa rabonmu da ita tun ranar da Baba ya rataye jaka."

Da Maiwada ya tafi, Tukur ya shiga zaure. Ya ciro jakar daga ƙusa, ya kakkaɓe ta, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, na yi kuskure. Shinkafa da mai zan ci gaba da sawowa Gusau, sun fi sauƙi can. Amma miyar gidan ga ta lalace a hannuna. Ka taimake mu ka karɓi abinka."

Malam Barau ya dubi jakar. Ya ce, "Ai na gani na yi shiru. Kukar ga da ka sawo, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci." Ya miƙa hannu ya karɓa.

Washegari tun kafin hantsi ya yi sosai, an ga tsoho da hula a kai ya nufi kasuwa. Mutanen layin Maiwada sun ce ranar an yi cinikin daddawa har da rantse-rantse.

Da ya dawo, Lailatu ta durƙusa ta karɓi jakar ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Allah shi ƙara buɗi."

Sai da ya goge ido da bakin rigarsa sannan ya ce, "Amin, ɗiyata."

Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ruwa ya sauka, damina ta wuce, fartanya tana ƙarƙashin gado, bai sake zancen komawa ƙauye ba.

Darasi: Sayen sari yana rage kashe kuɗi, kuma babu laifi a cikinsa. Amma kafin ka ce wa tsohonka ya huta, duba ko ɗan aikin da za ka karɓe masa shi ne abin da ya rage masa na jin cewa ana bukatarsa. Iyaye ba ci da sha kaɗai suke so ba, suna so su ga har yanzu suna da hannu a gida. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wata jaka da ke rataye a zauren wani yana ganin gata ya yi.