Mutumin da ya binne magudana

An yi wani mutum a garin nan namu, ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan da ransu, wasunsu ma sahu ɗaya kuke salla. Shekara ashirin da uku ya yi a filayen mai yana tuƙa babbar mota, har ciwon baya ya sauke shi. Ya dawo gida da mata da 'ya'ya biyar, ba shi da abin dogaro bayan Allah sai lambun da mahaifinsa ya bari a gefen gari.

Lambu fa na ce, amma sunan ne kawai. Shekara tara ba a sa masa fartanya ba. Ciyawar kacala ta fi mutum tsayi, kiri-kiri ya saƙe ƙasar kaf, busassun rassan dabino sun zube sun ruɓe a kan juna. Abin da ya rage mai amfani shi ne itatuwan dabino goma sha huɗu da tsohon ya dasa da hannunsa.

Ranar da ya kai matarsa Mubaraka ta gani, ta tsaya a bakin shinge ta riƙe haɓa.

"A nan za mu ci?" in ji ta. "To, Allah ya ba mu haƙoran akuya."

Bai yi dariya ba. Washegari ya ɗauki galma da lauje ya shiga.

Ya 'yan uwa, gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya yi aiki. Ni shaida ne, ta hanyar nake wucewa. Tun da aka gama sauke dabino har sanyi ya shiga sosai yana ciki. Duk wanda ya taɓa faɗa da kiri-kiri ya san ba a sare shi, tono shi ake yi, a bi saiwarsa da yatsu a tsince, don gaɓa ɗaya in ta saura a ƙasa bayan sati biyu za ka tarar ta leƙo. Hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. In ya sunkuya da safe, da ƙyar yake miƙewa da azahar. Wani lokaci sai ka gan shi zaune a gindin dabino, galma a tsakanin ƙafafu, yana kallon abin da ya rage.

Maƙwabcinsa na sama wani dattijo ne, Baba Bilkasim, aminin mahaifinsa, wanda ya haura saba'in. Shi kaɗai yake noma ɗan lambunsa, da shi yake ciyar da kansa da tsohuwarsa. Kullum da hantsi zai leƙo ta kan shinge da ɗan kofin shayi a hannu.

"Direba! Yaya sitiyarin galma? Ba ta yin ribas, ko?"

"Baba, wannan motar ko birki ba ta da shi."

"Sha shayi. Ubanka ma haka ya yi ta kuka da kiri-kirin nan, ƙarshe ya ci albasa a wurin."

Shi ya ba shi irin karas da na wake, ya cire masa dashen albasa daga nasa fangalin, bai karɓi ko sisi ba.

Da wurin ya fara buɗewa sai wata matsala ta taso. Ciyawa da saiwoyi da ruɓaɓɓun rassa sun taru tsibi guda, ya fi ɗaki girma. Kun san ba ma kunna wuta a cikin dabino, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar gari. Sai dai a kwashe a kai bayan gari, bakin rairayi. Shi kuma ba shi da jaki, sai wani tsohon baro mai karkatacciyar taya. Ya yi sawu shida, ya dawo ya dubi tsibin, ya ga kamar bai taɓa shi ba. Ya zauna, gajiya ta ratsa shi har ƙashi.

Gajiya ba laifi ba ce, ya 'yan uwa. Wa bai gaji ba a cikinmu? Amma in ta yi yawa sai ta fara ba mutum shawara.

A gefen lambun akwai magudana mai zurfi, wadda ta faro daga lambun Baba Bilkasim, ta bi ta nasa, ta faɗa babbar magudanar gari. Kun san ruwan rijiyoyinmu da gishiri yake zuwa. In ka shayar da ƙasa dole ruwan ya tsiyaye ya sami hanyar fita, in ba haka ba sai ya kwanta a ƙasa, rana ta ja shi sama, gishirin ya zauna a fangali. Shi ya sa kakanninmu suka haƙa waɗannan ramuka, suka ɗora wa kowa yashe na gefensa.

Mutumin nan ya dubi tsibi, ya dubi rami. Taku biyar ne tsakaninsu. Zuciyarsa ta ce masa, ga wurin zuba shara a kusa, kuma in ka cike shi ka ƙaru da fangali uku. Ya san abin da ramin yake yi, a nan aka haife shi. Don ya lallashi kansa sai ya samo wani siririn bututun roba, kaurinsa bai wuce damtsen hannu ba, ya shimfiɗa a ƙasan ramin. Da rana tsaka, mutane na ƙailula, ya fara turawa. Kwana huɗu ya gama, ya bi da ƙasa, ya daddaɓe, ya shuka barkono a kai.

Da Baba Bilkasim ya gani, shayin hannunsa sai da ya zube.

"Ɗana, me ka yi haka?"

"Na sa bututu, Baba. Ruwa zai wuce."

"Wannan tsinken? Magudanar da nake shiga har ƙirji in yashe? Wata ɗaya laka za ta toshe shi. Don Allah ka tone tun abin bai yi nisa ba."

"Da wane baya zan tone? Na gaji, Baba. Wallahi na gaji."

Tsoho ya juya ya koma. Daga ranar shayi bai ƙara tsallako shinge ba.

Shekarar farko lambun ya yi kyau, abin sha'awa. Karas, wake, albasa, latas, na'a-na'a, ga barkono ya yi jajur a kan sabbin fangalin nan. Mubaraka ta daina sayen kayan miya, tukunyar kuskus ɗin Juma'a ta cika da ganye. Mutane na wucewa suna cewa masha Allah, ɗan wane ya raya gidan ubansa. Ya ji daɗi, ya ce a ransa, ina tsohon da ya ce za a mutu?

A lokacin kuwa ruwa ya riga ya kwanta a lambun sama. Fangalin Baba Bilkasim suka fara yin fari a gefe-gefe, kamar an barbaɗa gari. Albasarsa ta yi rawaya ta kwanta. Ya sake zuwa, wannan karon da hularsa a hannu, dattijon da ya sa wa mutumin nan dabino a baki ranar sunansa.

"Ba faɗa na zo ba," in ji shi. "Abincina ne ke mutuwa. Kuma ruwa bai san shinge ba, in ya gama da ni kai zai zo wa."

"Baba, tsufa ne ya kama ƙasarka, ba ni ba."

Aka kai magana gaban dattawan da ke kula da rabon ruwa. Mutumin namu ya rantse cewa bututu na nan, ruwa na wucewa. Bututu kam na nan, bai yi ƙarya ba a wannan, amma ya san tun bazara ko ɗigo bai fita ta bakinsa ba. Mu da muke zaune a wurin, har da ni, babu wanda ya tashi ya taka ya duba. Zafi ake yi, kowa da abin da ya dame shi, muka ce a je a sasanta. Har yau abin yana ci na.

Shekara ta biyu Baba Bilkasim bai cire ko kwando ɗaya ba. Ya rufe ƙofar lambunsa da igiya, 'yarsa ta zo ta kwashe su da tsohuwarsa ta kai su ɗaki ɗaya a cikin birni.

Shekarar ce kuma mutumin namu ya lura karas ɗinsa ya fito gajere, ya yi ɗaci. Ya ce iri ne ba shi da kyau. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, kuma duk ruwan da ya ƙara gishiri ya ƙara wa kansa. Wake ya ƙone tun yana fure. Wata safiya ya kafa shebur, bai kai kamu biyu ba ruwa ya ɓulɓulo, baƙi, mai wari. Ya ɗanɗana da yatsa, ya tofar.

Sai a lokacin ya tone magudanar. Abin da ya tura cikin kwana huɗu, wata biyu ya yi yana fitar da shi, cikin laka har gwiwa, da bayan da ya ce ba zai iya ba. Ya buɗe ta tas, ruwa ya gudu. Amma da na sani ƙeya ce. Ƙasar ta riga ta sha gishiri har ƙasa, saiwoyin dabino sun ruɓe a cikin ruwa. Kawunansu suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Cikin goma sha huɗu, biyu suka tsira, su ma ba su ƙara haihuwa ba. Da hannunsa ya sare itatuwan mahaifinsa aka yi azara da su. Manyan 'ya'yansa biyu suka bar makaranta suka tafi neman aikin lebura.

Ya shiga mota ya je birni neman gafara. Ya tarar da tsohon a kwance bakin taga, ya rame, ba ya iya tashi sai an kama shi. Ya durƙusa ya kama hannunsa yana kuka kamar yaro.

"Baba, na tone ta. Na tone ta duka. Ka yafe mini."

"Sannu da aiki," in ji tsoho. "Na yafe maka, ɗana, tun tuni, saboda ubanka. Amma ni kaɗai na yafe. Ƙasar ba ta san na yafe ba."

Tsohon bai cika wata uku ba Allah ya karɓi ransa, bai ƙara ganin lambunsa ba. Shi kuwa mutumin namu ya rayu shekara shida bayan haka yana ɗaukar kaya a kasuwar kayan miya, yana sauke kwandunan albasar wasu.

Ya 'yan uwa, me ya kashe lambun nan? Bai saci kuɗin kowa ba, bai zagi kowa ba, salla ba ta wuce shi. Ya gaji ne, sai ya sauke gajiyarsa a kan maƙwabcinsa, aka yi masa magana sau biyu ya toshe kunne, sannan ya rufe da rantsuwa. Haƙƙin maƙwabci ba ya kwana a wuri ɗaya, yana bin mai shi har gida. Tuba kuma ƙofarta a buɗe take, Allah mai gafara ne, amma tuba ba ta tayar da itacen da ya mutu, ba ta mayar wa tsoho shekarunsa na ƙarshe da aka raba shi da ƙasarsa.

Na gaji da ba da labarin nan, wallahi na gaji, amma duk shekara sai na ga sabuwar shara a magudana. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya san ya toshe wa wani hanya, ta ruwa ce ko ta abinci, ya je ya buɗe yau, tun wanda ya cuta yana da lambun da zai koma.

Allah ya jiƙan Baba Bilkasim, ya gafarta wa wannan bawa nasa, ya yafe mana shirun da muka yi. Allah ya kiyaye mu daga cutar da maƙwabci, muna sane ko muna gajiye. Amin.