Teɓar Malam Sabo

Akwai wani manomin albasa a wani ƙauye kusa da Bici, Malam Sabo, wanda har gobe yake cewa likitocin birni sun yi masa fashi da rana tsaka. Wai sun kwashe masa mutuncinsa ta baki yana barci.

Ga yadda aka yi. Bayan wani ciwon ciki mai tsanani da ya kwantar da shi da damina, sai saman cikinsa ya fara tasowa. A majalisa aka soma tsokanarsa da Alhaji, ana cewa albasa ta karɓe shi. Sabo ya ji daɗi. Ya ɗinka babbar riga, ya koyi tafiya yana shafa ciki.

Matarsa Aina'u ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ga loma uku ke ƙosar da shi, ga amai, ga wuya yana ramewa. Ta roƙe shi su je asibiti, ya ce hassada ce.

"Malam, ni ke dafa tuwon nan," in ji ta. "Teɓar da ba ta cin tuwo, me take ci?"

Sai da ko koko ya daina zama masa sannan ya yarda. A Kano aka ɗauki hoton cikin. Likita ya ce ba ƙiba ba ce, ruwa ne ya taru jikin wata gaɓa da ke bayan tumbi, mai taimakon narkar da abinci, har ya danne tumbin. Da ya ƙara jinkiri, ruwan zai iya ruɓewa ko ya fashe.

Aka sa shi barci, aka zura siririn bututu mai kyamara ta bakinsa, aka huda 'yar kafa daga cikin tumbin, ruwan ya tsiyaye. Ko yanka babu.

Ya dawo gida riga na yawo a jikinsa. 'Yan dubiya suka nemi ganin ɗinki, babu abin nunawa. Sunan Alhajin ma aka janye a majalisa.

Rannan yana tsakiyar mita, ya ga ya share kwanon tuwo tas. Sai ya ce, "Aina'u, ni na yi kiwon ruwan nan da hannuna. Ƙaro miya."

Darasi: Kada kirarin majalisa ya hana ka jin maganar wanda ya san cinka da shanka. Kumburin da ba ka san dalilinsa ba, kai shi asibiti da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shafa ciki.