Rigar da Baba Ya Bar wa Wuri

Akwai wata tela da ta gaji shagon mahaifinta. Kowa a unguwar, Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ɗinkinta ba ya karkacewa, alkawarinta ba ya tashi. Amma fa idan ka ɓata mata ka shiga uku, don Yaya ba ta san mantuwa ba.

Duk shekara, da zarar an kunna kyandir na farko a coci, alamar an shiga makonnin jiran Kirsimeti, shagon yakan cika da yadi har a rasa wurin aje ƙafa. A lokacin ne kewar Baba take taso mata.

Sai ta riƙa ganinsa kamar jiya: tef a wuya, alli a bayan kunne, yana taka keken ɗinki yana rera waƙar coci da muryar nan tasa da ba ta taɓa hawa daidai ba. Yakan sayo yadi iri ɗaya na mutanen gida, amma ba ya taɓa shi sai ya sallami masu kawo ɗinki. Ita da ƙanenta Auta sukan zauna a benci suna tsintar ƙyallaye, suna faɗan wa za a fara auna wa.

Baba yana da wata ɗabi'a da take ba Yaya haushi tun tana koyon aiki. Duk rigar da zai ɗinka sai ya bar rarar yadi a ciki, ya kalmashe ta a gefe da gefe.

"Baba, wannan ai asarar yadi ce," takan ce.

Shi kuwa sai ya yi dariya. "Bar shi, uwata. Mutum ba ya tsayawa yadda ka auna shi."

Auta ya yi karatu, ya samu aikin ofis a nesa, kai kuma ya kumbura. Wata shekara ya zo gida da abokansa ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Baba ya miƙa masa rigarsa cikin murna. Auta ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce, "Haba Baba, ai na wuce saka ɗinkin bakin titi." Ya bar ta a kan teburin yanka ya fita.

Daga ranar sai labarinsa. Baba ya kwanta ciwo, Auta bai zo ba. Aka binne Baba, bai zo ba.

Abin da ya fi ci wa Yaya rai shi ne, a shekararsa ta ƙarshe, hannunsa yana rawa, sai da Baba ya sake ɗinka wa Auta riga, shuɗiya mai fararen maɓallai. Bayan rasuwarsa ta cusa ta can ƙasan akwati, ta danne da tsofaffin yadika.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana da hantsi, cikin makon ƙarshe kafin Kirsimeti, tana tsakiyar yanka sai ta ga inuwa a bakin ƙofa. Wani mutum ne da 'yar jaka, takalminsa ya cinye, furfura ta fara fito masa.

"Yaya, ina kwana?"

Ta gane muryar kafin fuskar. Ba ta aje almakashi ba. "Ɗinki aka kawo? Mun rufe karɓa."

Mama, wadda ke zaune a kusurwa tana sa maɓalli, ta miƙe har kwanon maɓallan ya kife. Ta rungume shi tana kuka tana shafa kansa kamar na yaro. Aiki ya ƙare, in ji shi, abokai sun watse, ya daɗe yana son zuwa kunya ta hana shi.

"Ɗauko masa rigarsa," Mama ta ce. "Da ita zai je coci."

"Wace riga? Ta bakin titi?"

"Ɗauko, na ce."

Yaya ta ɗauko tana cika tana batsewa. Auta ya karɓa da hannu biyu, ya zura. Hannuwa suka shiga da ƙyar, maɓallai kuwa suka ƙi haɗuwa. Wahala ta cinye masa komai amma ta bar masa teɓa.

Gaskiya, Yaya ta ji daɗi a ranta. "To, ka gani. Rigar ma ta san ba ta mutum irinka ba ce."

Bai yi musu ba. Ya cire ta a hankali, ya shimfiɗa a kan teburin nan da ya taɓa barin wata. "Gaskiya kika faɗa, Yaya. Ban cancanta ba. Dama Mama na zo gani, gobe da safe zan koma."

Ya ɗauki jakarsa ya shiga cikin gida. Mama ta bi shi da ido, sannan ta juyo.

"In ya tafi gobe, ba na jin zan sake ganinsa da idona. Ke kuma da kike maganar cancanta, yadi nawa kika lalata kina koyo? Babanki ya taɓa goranta miki?"

Yaya ta san amsar. Ta ja rigar za ta ninke, sai ta juya cikinta waje yadda ta saba. Nan hannunta ya tsaya.

A kowane gefe, daga hammata har ƙasa, Baba ya kalmashe yadi mai faɗin tafin hannu. Bai taɓa bari da yawa haka ba a rigar kowa. Ɗinkin ya ɗan karkace inda hannunsa ya yi rawa, kuma da dogon taki ya yi shi, irin wanda ake yi don ya yi sauƙin farkewa.

Ta zauna a bencinsu na da, rigar a cinyarta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Ta tuna wa'azin Fasto na Lahadin da ta wuce, cewa Almasihu bai jira duniya ta gyaru ba kafin ya zo, ya zo ne ya same mu yadda muke. A ranar ta gyaɗa kai kawai, hankalinta yana kan ɗinkin mutane.

Ta share ido ta ɗauki reza. Ɗinkin mutane ya jira. Ta farke gefen, ta buɗa, ta maida ɗinkin a keken Baba, ta goge.

Da la'asar ta leƙa cikin gida. "Kai, mai teɓa! Zo nan."

Ya fito a ɗarare. Ta sa masa rigar da kanta, ta haɗa maɓallan ɗaya bayan ɗaya har na wuya. Rigar ta zauna masa cif.

Ya shafa ƙirjin rigar. "Yaya, Baba ya san zan dawo ne?"

"Bai sani ba," ta ce tana gyara masa wuya. "Wuri kawai ya bar maka. Je ka kwance jakar nan, akwai guga da yawa."

Darasi: Alherin Allah ba ladan aikinmu ba ne, kyauta ce da aka tanadar mana tun ba mu juyo ba. Kafin Kirsimetin nan, ka tuna wurin da aka bar maka, kai ma ka bar wa wani. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wani Auta da kunya ta hana shi komawa gida.